Ranar Sayin-Awut: To, Me Baba Zai Ci?

Saura 'yan makonni mu ajiye biro, kuma duk inda ka zauna a makarantar nan hirar ɗaya ce: farar riga, maka, mai hoto, da wanda zai kawo sifika. Ban ƙi ba, ni ma na tanadi tawa rigar. Amma akwai tambayar da ban taɓa jin ɗan ajinmu ya yi ba: iyayen da muke kira su taso daga ƙauye su taya mu murna, me za su ci?

Bara na koyi wannan darasi, kuma ban ji daɗinsa ba. Yayana ya gama karatu a wata makaranta a cikin Kano, aka ɗora min hidimar abinci. Mutanen gidanmu su bakwai suka taso daga Kurugu bayan asuba, suka shigo mota a Ƙaraye, suka biyo hanyar Gwarzo. Ni kuwa na yi abin da kowa yake yi: jalof a roba-roba, soyayyar kaza, da kiret ɗin lemo. Na manta Baba yana da ciwon suga, Inna tana fama da hawan jini, Kaka kuma haƙoranta sun yi sallama. Baba ya buɗe robar, ya rufe, ya ce, "Ku ci ku dai, ni na ƙoshi." Ashe ya sha maganinsa tun a gida, bai sa komai a cikinsa ba. Wajen azahar gumi ya karyo masa, hannunsa ya kama rawa. Wata baiwar Allah, uwar wani ɗalibi, ita ta gane sugansa ne ya faɗi, ta ciro dabino a jaka ta ba shi. A duk hotunan da aka ɗauka ranar, Baba yana zaune a gindin darbejiya, mu muna ta dariya a gefe.

Shi ya sa nake cewa, idan iyali za su ci abinci a waje, a fara lissafi daga wanda ya fi kowa rauni. Abin da Baba zai iya ci, kowa zai iya ci. Abin da mu samari muke ci kuwa, ba lallai ne shi ya iya ba. Kuma iyayenmu masu kawaici ne, ba za su taɓa cewa "ba ka tanadar min ba". Shiru za su yi da yunwarsu.

Na san abin da wasu za su ce: "Haba, rana ɗaya ce fa." Ciwon ai bai san da biki ba. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da suga wajen cokalin shayi 8 ko 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a wuni, wato kusan cokalin shayi guda, shi kuwa dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne. Yanzu ka tuna guda nawa ake marmasawa a tukunyar jalof ta sayarwa. Kai da ka saya ba ka san me aka zuba ba, balle Inna.

Wasu kuma za su ce ba wurin girki. Wannan gaskiya ne. Ni kaina risho ɗaya gare ni, tukunya biyu, a ɗakin da muke mu huɗu, ga kananzir da gas sun zama abin lallaɓawa. Amma matsalar tana zuwa ne idan ka ce komai sai a ɗakinka za a dafa. Kakanninmu fatake sun yi tafiyar watanni ba su da kicin, da guzuri suka rayu. Dabarar ita ce a raba aiki: abin da yake son wuta mai yawa a yi shi a gida, inda akwai murhu da itace da hannaye, abin da yake saurin lalacewa a haɗa shi a nan, lokacin da za a ci.

Ga yadda muka tsara namu na bana, ni da Inna a waya. A Kurugu za a turara dambu da asuba, amma zogale ya rinjayi tsaki, saboda hatsi ma yana ɗaga suga idan ya yi yawa. Ba gishiri, ba magi. Daddawa da albasa da citta sun isa su ba shi ɗanɗano. A zuba shi da zafinsa a kula. Za a gasa kifi, tunda Dam ɗin Challawa yana ƙasarmu ta Ƙaraye, ba ma rasa shi. Za a dako ƙuli-ƙuli a ƙulle daban, a dafo rama a matse ta sosai. Zoɓo kuma da citta da kanumfari, ba suga. Ni nawa aikin kaɗan ne: tukunyar wake guda a kan risho, a bar shi ya yi luguf saboda Kaka, sai dafaffen ƙwai. Tumatir, kokwamba da albasa ba za a yanka ba sai an shimfiɗa tabarma, kwaɗon ma a nan za a kwaɗa. Gishiri, yaji, mai da suga kowanne a 'yar robarsa. Mai so ya ƙara a kwanonsa. Ka ga tukunya ɗaya ce, ba a ware kowa ba. Ɗan wake ma mun so, muka fasa, saboda kanwar da ake sawa 'yar'uwar gishiri ce ga mai hawan jini.

Sai batun lokaci, wanda mu ɗalibai muka fi raina shi. Ƙa'idar da masana lafiya suke bayarwa ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye haka kawai. Ko dai ya zauna da zafinsa, ko a sa shi a sanyi. A zafin Kano, shinkafar da aka zuba a leda tun hantsi aka bari har la'asar, sai dai Allah ya kiyaye. Don haka da sun iso za a ci, kafin hoto, kafin komai. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai shan magani kuma a tambaye shi tun jiya: ƙarfe nawa yake sha, me likitansa ya hana? Shi ya san jikinsa, ba mu ba. A sa 'yan dabino a aljihu saboda irin abin da ya sami Baba.

Abin da ya rage shi ne kunya, kuma ina jin ita ce ainihin cutar. Wani yana ganin idan aka buɗe kular dambu a gaban 'yan ajinsu, an gane shi ɗan ƙauye ne. To, ɗan'uwa, da kuɗin me aka biya maka rajista shekara biyu? Nawa dai da masara da gyaɗar Kurugu aka biya. Ban ga dalilin da zai sa in ɓoye abincin da ya kawo ni nan ba, in ciyo bashin abin da mai noman ba zai iya ci ba. Kuma ku lura, maza: wannan ba aikin 'yan mata kaɗai ba ne. Wanda ya iya haɗa furojet ya iya dafa wake.

Ga ƙungiyarmu ta ɗalibai ma ina da roƙo. Ranar sayin-awut a ware inuwa da tabarmi da ruwan sha domin iyaye, a roƙi masu sayar da abinci su tanadi ko da kala ɗaya maras gishiri da zoɓo maras suga. Ba abu ne mai tsada ba.

Kafin ka biya mai hoto, ɗauki waya ka kira gida. Ka tambayi su wa za su zo, wa yake shan magani, me aka hana shi. Ni dai bana ina so in ga Baba a tsaye a cikin hoton, da ƙarfinsa. Allah ya kai mu lafiya, ya bar mana iyayenmu.