A Bar Mu Mu Koya Da Tsohuwar Kwamfuta, Amma Da Sannu

Jama'a, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata gardama da ta ɓarke a ɗakin kwananmu daren da muka dawo daga hutu. Wani abokina mutumin Zango ya ce ana iya ƙara wa tsohuwar kwamfuta gudu ba tare da an kashe ko kwabo ba. Wani kuma daga Mai'adua ya ce ƙarya ne, duk wanda ya taɓa yin haka sai ta ƙone. Ni dai na yi shiru, domin na taɓa gwadawa, na kuwa sha zufa. Kowannensu yana da rabin gaskiya. Ra'ayina shi ne, ya kamata a bar ɗalibi ya koyi wannan abu, amma da tsohuwar na'ura, da iznin mai ita, kuma kaɗan kaɗan.

A cikin kowace kwamfuta akwai wani ɗan abu mai kusurwa huɗu, bai kai tafin hannu ba, ana kiransa furosesa. Shi ne ƙwaƙwalwarta. Yana aiki ne da bugu, kamar yadda zuciya take bugawa. In an ce gudunsa gigahaz 3 ne, ana nufin yana bugawa sau biliyan 3 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙara gudu kuwa shi ne a shiga wurin saiti da ake kira BIOS, a umurce shi ya riƙa bugawa fiye da yadda kamfani ya ɗora shi.

Ta gidanmu a Daura, Yayana ne ya sayo ta a Kano, ta hannu ce, haɗin masu gyara. Ƙwaƙwalwarta Core 2 Duo E8400 ce ta kamfanin Intel, wadda ta fito a 2008, watau ta girme ni. Lissafin gudunta ko ɗan aji ɗaya zai iya: 333 sau 9, ya ba da kusan 3,000, shi ne gigahaz 3. Wannan 9 ɗin ba ya ƙaruwa, an kulle shi. Amma 333 ɗin ana iya ɗaga shi. Da na ga haka a hutun watan Afrilu, sai na ce ashe abin ba wuya. Na mayar da shi 400 a tashi ɗaya, ina lissafin 3,600 a raina, na adana, na sake kunnawa.

Fanka tana juyawa, allo baƙi ƙirin. Na kashe, na kunna, shiru. Abin da ya fi tayar mini da hankali, Yayata tana shirin jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake yin ta, kuma a kan wannan na'ura take gwajin tambayoyi kullum da dare. Saura mako biyu. Ban iya cin tuwo ba ranar. Da Yaya ya dawo na faɗa masa gaskiya. Bai ce mini uffan ba, sai ya zare waya daga bango, ya buɗe akwatin, ya ciro wani ɗan batir mai kama da kwabo, ya jira minti biyar, ya mayar. Ta tashi kamar ba a yi komai ba. Ashe cire batirin nan yana sa ta manta da saitin da aka yi mata, ta koma na asali. Sa'an nan ya juyo ya ce, “Kai, wa ya ba ka izni?” Ba ni da amsa.

Daga baya na gane kuskurena. Wannan lamba ta 333 ba furosesa kaɗai take ja ba, har da ram, watau ma'ajiyar aiki ta wucin gadi. Da na ɗaga ta, na tilasta wa ram ɗin gudun da ba zai iya ba. Ya kamata in fara rage masa nasa kason tukuna.

To amma babban darasin yana cikin akwatin da Yaya ya buɗe. Ƙurar hunturu ta shekara da shekaru ta toshe haƙoran ƙarfen da ke shan zafin furosesa, ta yi kamar auduga. Man da ake shafawa tsakanin ƙarfen da furosesa kuwa ya bushe ƙayau. A nan ne nake ganin mu mutanen Daura bai kamata mu kwaikwayi abin da muke gani a bidiyon Turawa ido rufe ba. Wanda yake nuna maka a Ingila ko Jamus yana zaune ne a ɗaki mai sanyi. Mu kuwa a watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 da rana, ga kwanon rufi a kanmu. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take hurawa. In iskar da zafi ta shigo, da zafi za ta yi aiki. Saboda haka saitin da ya zauna lafiya a watan Disamba yana iya tsayar da kwamfuta cak a lokacin bazara. Ko mai jaki ya san kayan da zai ɗora masa da sanyin safiya ba shi zai ɗora masa da azahar ba.

Bayan Yayata ta gama jarrabawa, Yaya ya yarda mu sake gwadawa tare. Muka hure ƙura, muka goge tsohon mai muka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, muka kwashe takardun gida zuwa filashi. Muka sa Core Temp don ganin zafi, da Prime95 wadda take ba furosesa aiki mai nauyi don a ga ko zai yi kuskure. Muka tashi daga 333 zuwa 340, muka gwada awa guda. Sai 350. Sai 360. Duk da tsakar rana muke gwajin, da gangan, kuma mun sa digiri 70 ya zama iyakarmu. A 367 muka tsaya, watau gigahaz 3.3. Ƙarfin wutar da ke shiga furosesa ba mu taɓa shi ba ko kaɗan, kuma ina roƙon duk sabon shiga kada ya taɓa. Zafi yana hawa da sauri ƙwarai in an ƙara shi, kuma ta nan ne ake kashe furosesa kisan da cire batir ba ya tayarwa. Kada kuma a yi wannan aiki lokacin da wutar lantarki take rawa.

Me muka samu? Ƙarin kashi 10 cikin 100. Gaskiya ɗaya ce, in ba a faɗa maka ba, ba za ka lura ba. Ranar da Yaya ya cire tsohon faifan ajiya mai juyawa ya sa SSD, ran nan ne kowa a gida ya ga bambanci. Don haka wanda gudu kawai yake nema, ya tara kuɗinsa ya sayi SSD da ƙarin ram.

To, don me nake cewa a bar mu mu koya? Domin a cikin makon nan na fahimci zafi da wutar lantarki da muke haddacewa a darasin Fiziks fiye da yadda na fahimce su a zango guda. Kuma waɗannan na'urori kwanansu ya ƙare a idon masu su. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuwa ba a yi ta don irinsu ba. In ba mu koya da su ba, da me za mu koya? Iyaye, in akwai irinta a gida da aka jingine a lungu, ku ba yaro ya buɗe a gabanku.

Ga 'yan'uwana ɗalibai kuwa, kwamfutocin ɗakin karatunmu ba na gwaji ba ne, na mutum ɗari ne. Ko ma kun gwada, yawancin ƙirar ofis irin su Dell da HP ba su da wurin canza wannan lamba, kuma daga 2011 furosesan Intel masu harafin K a ƙarshen lambarsu ne aka bar wa ƙofa a buɗe. Abokina na Zango ya ce tasu HP ce. Na ce masa in mun tafi hutu ya fara da hure mata ƙura.