Karan dawa: Kafin a cinna wuta, a yi lissafi

Da zarar an fara sharar gona a Furfuri da ƙauyukan Bungudu da Tsafe, sai hayaƙi ya turnuƙe. Ragowar karan dawa da na masara da buntun shinkafa duk wuta ke cinye su. A ganina, dukiya ce muke ƙonawa ba tare da mun san adadinta ba.

Sinadarin da ya fi kowanne yawa a jikin kara shi ne wanda ake kira selulos, wanda kabon ya kai kusan kashi 44 cikin 100 na nauyinsa. Idan aka ƙona shi, kabon ɗin ya bi iska, manomi ya tashi da toka kawai.

Saniya kuwa ta fi mu dabara. A tumbinta akwai ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da karan, su mayar da shi wasu sinadarai masu tsami da ke ba ta kusan kashi 70 na ƙarfin jikinta. Wani ɓangare na fita ta gyatsa a matsayin iskar mitan, sauran kuma ya fito a kashi. Idan aka zuba kashin a rufaffen rami, wasu ƙwayoyin za su ci gaba da aiki, a samu iskar girki da rabinta ko fiye mitan ne, abin da ya rage kuma taki ne mai kyau.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Zamfara, inda shiga daji neman itace ya zama kasada saboda 'yan bindiga, takin zamani kuma ya yi tsada.

Sai dai ramin gas ba ya aiki da ka. Idan tsami ya yi yawa, ƙwayoyin da ke samar da mitan sai su tsaya, gas ya ɗauke, mai rami ya ce yaudararsa aka yi. Don haka dole a auna: kabon nawa ya shiga, nawa ya zama gas, nawa ya koma taki.

Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana nazarin wannan gas. Ya kamata Jami'ar Tarayya ta Gusau ta haɗa kai da ita, a yi awon da karanmu da shanunmu, kafin gwamnati ta kashe kuɗi wajen haƙa ramuka.