RA'AYINMU: Darasin Takarda da Injin Ɗab'i

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, a duk lokacin da aka zauna ana tuna ɗaukakar Musulmi ta dā, sunayen da kan zo a baki su ne na halifofi da jarumai da manyan malamai. Da wuya ka ji an ambaci mutumin da ya tattara tsummoki, ya jiƙa, ya daka, ya tace, ya shanya, har suka zama takardar da malamin ya ɗora alƙalaminsa a kai. A wannan wata mun ga ya dace mu waiwayi wannan mutum da sana'arsa, domin a cikin tarihin takarda da na injin ɗab'i akwai darasin da muke matuƙar bukata: al'ummar da ta karɓi sabuwar fasaha da wuri, ta ƙware a kanta, ita ke jan ragama, wadda kuwa ta yi jinkiri sai ta wayi gari tana saye a hannun waɗanda ta koyar.

Asalin takarda daga ƙasar Sin ne. A farkon Musulunci a kan fata ake rubutu, ko a kan bardi, wato ganyen rubutu da ake sarrafawa daga wata ciyawa ta bakin kogin Nilu. Fata na da tsada, domin littafi guda kan cinye fatun dabbobi masu yawa, shi kuwa bardi daga Masar ake kawo shi. Tsofaffin littattafan tarihi sun ruwaito cewa a yaƙin da aka gwabza a bakin kogin Talas a shekarar 751 Miladiyya, tsakanin rundunar Abbasiyawa da ta Sin, an kama fursunonin da suka iya yin takarda, aka kai su Samarƙand. Masu bincike na yau suna ganin takarda ta riga wannan yaƙi isa yankin ta hannun fatake. Abin da babu saɓani a kansa shi ne Musulmi sun karɓi wannan sana'a hannu bibbiyu, ba su ce ta majusawa ce ba, kuma kafin ƙarshen wannan ƙarni, a zamanin Halifa Haruna Rashid, an soma yin takarda a Bagadaza kanta.

Hukuma ce ta fara ganin amfaninta. Tawada kan nutse a cikin takarda, saboda haka da wuya a kankare rubutu a sauya shi ba tare da an gane ba, saɓanin fata. Don haka aka mayar da rubuce-rubucen diwani a kanta. Daga nan sai malamai suka same ta da araha. Ba mamaki ba ne da zamanin tattara Hadisi, da rubuta manyan littattafan fiƙihu da nahawu da tarihi, da fassara littattafan likitanci da lissafi zuwa Larabci, ya zo daidai da zamanin yaɗuwar takarda. Imam Bukhari, Allah Ya jiƙansa, ya rasu a shekarar 870 a kusa da Samarƙand ɗin nan, birnin da ya yi suna da takarda. Masanin ƙasa Yaƙubi ya ambaci cewa a zamaninsa kasuwar masu sayar da takarda da littattafai ta Bagadaza na da shaguna sama da 100. Wajen shekarar 987 wani mai wannan sana'a, Ibn Nadim, ya wallafa littafinsa Fihrist, inda ya jera sunayen dubban littattafan da ya gani ko ya ji labarinsu. Hakika ilimi baiwa ce daga Allah, amma Allah Yakan sanya wa baiwarSa sababi, kuma takarda na cikin manyan sabuban wannan ɗaukaka.

Daga Bagadaza sana'ar ta wuce Sham da Masar da Magrib, har ta kai Andalus, inda garin Shaɗiba ya shahara da ita a ƙarni na 12. A hannun Musulmi Turawa suka koye ta, kuma shaidar haka na nan a bakinmu: kalmar rim da masu ɗab'i ke kiran ƙunshin takarda 500 da ita, asalinta rizma ce ta Larabci, ta shiga harsunan Turai, sannan ta dawo mana. To amma ɗalibi bai tsaya inda malaminsa ya tsaya ba. A ƙarshen ƙarni na 13 mutanen garin Fabriyano na Italiya suka inganta aikin: ƙarfin ruwa ke ɗaga musu taɓaren da ke dakan tsummoki, suka sauya abin da ake shafa wa takarda don ta yi ƙwari, suka kuma ƙirƙiro tambarin da ake gani a jikinta idan an ɗaga ta ga haske. Takardarsu ta fi araha, ta mamaye kasuwannin Musulmi. Har ta kai a shekarar 1409 wani malamin Tilimsan, Ibn Marzuƙ, sai da ya ba da fatawa a kan halaccin rubutu a kan takardar Nasara, domin ta gida ta yi ƙaranci.

Wannan labari ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya taɓa ɗaga tsofaffin rubuce-rubucen malamanmu ga hasken rana, a Sakkwato ko Kano ko Katsina ko Barno, sau da yawa zai ga tambarin jinjirin wata guda uku. Wannan takarda ce ta Italiya, wadda ayari ke ɗaukowa daga Tarabulus ya ratsa Sahara da ita. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar mana ɗaruruwan littattafai, amma takardar da aka kwafe su a kai sai da ta ƙetaro teku da hamada.

Sai kuma jinkiri na biyu, wanda ya fi na farko ciwo. Wajen shekarar 1450 Gutenbag ya haɗa injin ɗab'i mai haruffan ƙarfe a birnin Mainz na Jamus. Kafin shekarar 1500 injin ya isa garuruwan Turai sama da 200, an buga miliyoyin littattafai. A Santambul, Yahudawa sun kafa maɗaba'arsu tun wajen 1493. Amma Musulmin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ba su sami tasu ba sai a 1727, lokacin da Sarki Ahmad na Uku ya ba Ibrahim Mutafarriƙa izini, bayan fatawar Shaihul Islam, bisa sharaɗin ba za a buga littattafan addini ba. Littafin farko, ƙamus ne, ya fito a 1729, sama da shekara 270 bayan Gutenbag. A Masar kuwa sai a zamanin Muhammadu Ali, wajen 1820, aka kafa maɗaba'ar Bulaƙ.

Adalci ne mu faɗi cewa magabata suna da dalilansu. Haruffan Larabci a haɗe suke, suna da wuyar zubawa a ƙarfe. Dubban mutane na cin abinci da kwafar littattafai da hannu. Malamai kuma na tsoron kuskure ya shiga nassi ya yaɗu, tsoron da ba na banza ba ne, domin Alƙur'anin da wasu Turawa suka buga a birnin Benis wajen 1538 cike yake da kurakurai. Sai dai maganin wannan tsoro shi ne a mallaki injin a sa masa ido, kamar yadda aka yi daga baya. Da malaman Azhar suka tsaya a kan aikin, aka sami bugun Alƙahira na 1924 wanda duniyar Musulmi ta amince da shi, kuma a 1984 aka buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina. Abin da aka guda ƙarni bayan ƙarni, shi ne ya kai Mus'hafi kowane gida. Amma shekarun da suka salwanta ba su dawo ba, kuma a cikinsu ne Turai ta tara ilimin jirgi da bindiga da taswira, wanda ta zo ta mallake mu da shi.

Yau ga kwamfuta, ga wayar hannu, ga intanet, ga kuma abin da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Muna sauraron karatun malamanmu a cikin wayoyin da ba mu ƙera ba, ta hanyoyin da wasu ke riƙe da makullinsu. Hatta farar takardar da ake buga littattafan makarantunmu, mafi yawanta daga waje ake shigo da ita, duk da masana'antun da aka gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin. Idan ba mu yi hattara ba, jikokinmu za su ɗaga abin da muka bari su ga tambarin wasu, kamar yadda muke ganin jinjirin wata uku.

Saboda haka muna kira ga iyaye da su daina raina sana'ar hannu da karatun fasaha. Yaron da ya nuna basira a gyaran inji ko lantarki ko shirya manhajar kwamfuta, a ƙarfafa shi kamar yadda ake ƙarfafa mai hadda, a kuma haɗa masa da tarbiyya, domin malamanmu sun daɗe da bayyana cewa sana'o'in da al'umma ba ta wadatuwa sai da su farilla ce ta kifaya. Muna kira ga makarantun Islamiyya da su ba lissafi da kimiyya haƙƙinsu. Muna kira ga masu hali da su tuna cewa kayan koyon sana'a da ɗakin gwaje-gwaje su ma wuraren sadaka mai gudana ne. Muna kuma roƙon malamanmu masu daraja, idan sabon abu ya zo, su zauna da masanansa su fahimce shi tun da wuri, su ware halal daga haram, su shimfiɗa sharuɗɗa, kada a bar al'umma cikin ɗari-ɗari har wasu su yi mata nisa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani da ikon aiki da shi, Ya sa mu dace duniya da lahira, amin.