Mu dasa lalle, mu bar saran ƙaya

Ɗan uwa manomi, kowace shekara kana saran bagaruwa da magariya don shingen garka. Gara ta cinye, ka koma daji. Itatuwa na ƙarewa, iska na kwashe ƙasa.

Shawarata, ka dasa lalle. Farkon damana, yanko rassa masu ƙwari, tsawon taƙi guda, kafa su kamu-kamu. Ranin farko ka ba su ruwa, ka tsare su daga awaki. In lalle ya kama, yana jimre fari, ya yi shekaru yana hure mai ƙamshi.

Wasu na cewa lalle sha'anin mata ne. To, uwargida ta shanya ganyen a inuwa, ta daka, ta kai kasuwa, kuɗin gishiri da sabuni ya samu. Wa ya yi hasara?