Kowa Da Kiwon Da Ya Karɓe Shi

A Maraɗi ko Damagaram, a Tawa ko Yamai, da wuya a tashi daga fada ba a ji wani yana tambayar sana'ar da ta fi riba ba. Da ma'aikacin da albashi ya daina kai shi ƙarshen wata, da ɗan kasuwar da ciniki ya ja ma baya, duk bakinsu ɗaya. Amsar da suka fi samu kuwa ita ce: wane ya shiga kaza, ga shi har ya gina bene. Daga nan asara take somawa, domin benen wane ake gani, ba a ganin shekarun da ya yi yana koyo.

A ɗauki misalin albasar Galmi, wadda sunanta ya kai Abijan da Kumasi. Lokacin da ake cire ta, wajen watannin Maris da Afrilu, kasuwa takan cika, farashi ya faɗi. Wanda ya zuba ta a rudu ya jira har bayan damina yakan sayar da daraja. A baki lissafin mai sauƙi ne. Amma albasa tana ruɓewa, tana kuma rage nauyi. Sai an san wadda ta bushe sosai tun a gona, sai an riƙa buɗe rudu ana tsince ruɓaɓɓiya kafin ta shafi ƴan uwanta. In an yi lodi, ga kuɗin mota, ga na duwan, ga kwanakin hanya, ga dillalin da ba ya biya sai kaya sun ƙare. Mutumen Galmi ko Madawa da ya tashi cikin wannan aiki ya san duk waɗannan ramuka. Ma'aikacin da ke zaune a buro a Yamai, yana aika kuɗi yana jiran labari ta waya, ya ba kura ajiyar nama.

Saboda haka, kafin mutum ya zuba jari, abu uku ya kamata ya auna. Na farko sani: yana iya bambanta kaya masu kyau da marasa kyau ba tare da an gaya mashi ba? Na biyu juriyar kuɗin: wata nawa jarin zai iya kwana waje ba a taɓa shi don cefane, kuɗin lakwal ko magani ba? Na uku ido: wa zai tsaya kan dukiyar kullum?

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin ɗan kasuwa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Masu shigo da kaya daga Turai suka ji jiki, masu fitar da dabbobi zuwa ƙasashen gaɓar teku suka samu kasuwa. A Agusta 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta har zuwa Disamba 2020, a 2023 ma iyakar ta sake rufewa na watanni. Wanda duk jarinsa ya rataya kan hanyar Maraɗi zuwa Katsina ya san abin da hakan ya jawo mashi. Mai sana'ar da ya sani ciki da waje yakan samu wata kafa. Mai kwaikwayo kuwa nan yake tsayawa.

Ma'aikaci yana da albashin da ke shigowa kowane wata, amma ba shi da lokaci. Ajiyar wake ko aya a mangaza, ko turkar raguna biyu uku a cikin gida domin layya, sun fi dacewa da shi bisa taksin da wani zai tuƙa a bayan idonsa. Ɗan kasuwa yana da lokaci da sanin mutane, amma ba shi da albashi. Ya fi buƙatar kayan da ke juyawa da sauri.

Ƙanƙantar jari ma ba abin kunya ba ce. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka soma a yankin Maraɗi a 1991, da ɗan zubin mako-mako suka tashi, mace ta ranci kaɗan ta ƙara ma sana'ar da hannunta ya riga ya saba da ita, ko ƙuli-ƙuli ko kiwo. Maza masu manyan riguna suna da darasi a nan: a fara da buhu goma, a ga yadda shekara za ta ƙare, kafin a yi maganar cika mota.