Hoton Maganaɗisu da Lafiyar Ƙarafan Tiga

A shekarar 1845 Michael Faraday ya gano a Landan cewa hasken da aka tace har kaɗawarsa ta bi fuska ɗaya yakan murɗa idan ya ratsa gilashin da ke tsakiyar ƙarfin maganaɗisu, kuma gwargwadon ƙarfin, gwargwadon murɗawar. A kan wannan aka gina dabarar ɗaukar hoton maganaɗisu da haske. Ana ɗora siririn falle na ma'adinin ganet mai ɗauke da baƙin ƙarfe da bismut a kan abin da za a bincika, a haska shi ta matatar haske, sannan a duba ta wata matatar. Nan take ƙarfin da ido ba ya gani zai fito tamkar taswira, nan haske, can duhu. Ma'aunin Hall da aka saba da shi ɗigo ɗaya yake aunawa a lokaci guda, wannan kuwa fili sukutum yake nunawa.

Babban amfaninta shi ne tona asirin tsaga. Idan aka ratsa ƙarfe da maganaɗisu, layukan ƙarfin sukan tsiyayo waje daidai inda ya tsage, sai tabo ya bayyana a hoton tun ɓarnar ba ta kai ga karyewa ba. Da irin wannan dabara ake duba gindin ƙusoshin jikin jiragen sama.

Mutanen Rurum ba su da jirgi, amma suna maƙwabtaka da madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974. Ƙofofinta da bututanta sun ga shekara hamsin, kuma shinkafa da tumatirin Kadawa da Kura a wuyansu suke rataye. Ya dace sassan Fiziks na Jami'ar Bayero da Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil su maida waldar irin waɗannan ƙarafa fagen binciken ɗalibansu, maimakon barin Faraday a kan allo.

Dabarar dai tana da iyaka. Fatar ƙarfe da abin da ke dab da ita kawai take gani, tsatsa da fenti mai kauri suna dusashe hoton, kuma ba za ta gano ma'adinai a ƙarƙashin duwatsun Rano ba. Sai dai kayan aikin ba su fi ƙarfin jami'a ba: fitila, matatun haske biyu, kyamara da naɗin waya, wanda masu gyaran janareta a Kano sun ƙware a kansa. Fallen ganet ɗin ne mai tsada, shi ne kuma ya kamata a fara nema wa kuɗi.