Mudun Auna Haske

Kowa ya san hatsi da mudu a ke aunawa, yadi kuwa da awo a ke yankawa. Amma in an je sayen fitila a kasuwar Sabon Gari, sai mai kanti ya kunna ta a fuskar mutum, ta kashe masa ido, ya biya ya tafi. Da dare kuwa ga yaro ya kusa manna hanci a littafi. Ido ba shi da shaida a wannan shari'a, gama ya kan saba da duhu kamar yadda ya ke sabawa da haske. Lambar wat da ke jikin kwali ita ma wutar da fitila ke ci ta ke faɗi, ba hasken da ke sauka kan takarda ba.

To, haske ma yana da mudunsa. Wata 'yar na'ura ce kamar tafin hannu, abin da ta ke ƙirgawa sunansa lukus. Kyandir guda a nisan mita ɗaya ya kan ba da kamar lukus 1. Farin wata na daren sha huɗu bai kai haka ba, rana tsaka kuwa ta kan kai 100,000. Abin da masana suka yanka domin teburin karatu da rubutu shi ne 300 zuwa 500. Fitilar ƙwai da iyayenmu suka yi karatu da ita ba ta kai 10 a nisan mita ba. Allah ya saka musu!

Mai saye ya fara sanin aikin da zai yi. A Samaru, inda aka kafa gidan gona a 1922, ya kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, bukatar malaman gona dabam ce. Na'urar lukus idon ɗan Adam ta ke kwaikwayo, ta fi jin kore da rawaya, ganye kuwa ja da shuɗi ya fi sha, saboda haka awon shuka da nasa ma'auni. Ƙwallon gilashin nan na tashoshin yanayi, mai ƙona kati, shi kuma sa'o'in rana kaɗai ya ke ƙirgawa. Malamin makaranta da tela da akawu, na'urar lukus ta ishe su.

A zaɓi mai farar hula a kan idonta, don ta karɓi hasken da ke zuwa ta gefe. Wadda idonta ke kan igiya ta fi, domin mutum ya ja baya, kada inuwarsa ko farar rigarsa ta ɓata lissafi. A kuma tambaya ko an daidaita ta da fitilar LED, gama masu araha da yawa da tsohon ƙwan lantarki aka gwada su. Wayar hannu ma ta kan auna, amma ni a ganina iyakarta ta nuna wace fitila ta fi wata.

Wajen awo, a kwantar da ita a daidai inda littafi ko allurar keke ke zama, ba a bakin fitila ba. In an ninka nisa, haske ya kan koma kashi ɗaya cikin huɗu, wato matso da fitila ya fi sayen babba sauƙi. Da hunturu a goge hular, don ƙura na rage awo. Fitila mai cajin rana kuwa a auna ta da magariba, a sāke aunawa bayan sa'a biyu, gama wadansu kan dushe in batir ya yi sanyi.

Ba sai kowa ya mallaki tasa ba. Hedimastocin Sabon Gari da Samaru su haɗa kuɗi su sayi guda, a zaga da ita aji aji, a rubuta awon bencin baya da na kusa da taga, a kai wa masu gyaran makarantu.

Naku,
Akawu, Sabon Gari, Zariya.